Zakin Kwalin Ashana

Shafi na 19

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", ga shi nan. Ƙafafuna ne suka ƙi jiya, ba ni ba. Waɗanda kuma suka yi wa Tete Farisai wankin babban bargo a shafin baya, ku ɗan dakata, ba ku gama jin ta bakinta ba.

*

Ƙarfe ɗaya da rabi na rana aka fara rabon abinci, daga nan ne kuma ranar ta fara lalace min.

Shekarata goma sha ɗaya ina wannan aiki na sama wa yara iyayen riƙo a nan Gweru, bikin Kirsimeti goma sha ɗaya ke nan na shirya a tsakar gidan ofishinmu. Kullum abu ɗaya ne. Rumfar aro daga coci mai yoyo ta kusurwa guda. Balan-balan da muke hurawa da baki har kumatu su yi tsami. Akuya ɗaya, kaji, shinkafa, tukunyar sadza, tuwon masararmu. Tseren buhu da dole sai wani ya faɗi ya yi kuka. Iyayen riƙo su zo da yaran da muka ba su an shafe su da mai suna ƙyalli, kowa so yake mu ga ɗansa ya yi kumatu. Ina son yaran nan, Allah ya sani. Amma ranar nan tun ƙarfe biyar na asuba nake tsaye, babu abin da nake so irin in cire takalmi.

Mbuya Keresiya, tsohuwar da ke dafa mana abinci, tana da al'adarta da babu mai hana ta. Ba ta miƙa wa yaro faranti sai ta kira shi da mutupo ɗinsa, dabbar da dangin ubansa ba sa ci, wadda da ita ake yi wa mutum kirari, da ita ake gode masa, da ita ake sanin wanda ba zai aura ba. Ta ce yaron da ba a kiransa da mutupo ko ya ƙoshi bai ci ba. Sai yara suka yi layi, ita kuma tana zubawa tana kira.

"Karɓi, Giwa."

"Karɓi, Biri, ka bar tsalle."

"Karɓi, Zaki."

"Karɓi, Zaki."

"Zo nan, Kifi. Kai kuma Zaki, matso."

Ina tsaye da tiren lemu a hannu na hango Tete Farisai, wato Goggo Farisai. Tana zaune a layin gaba cikin kayan ƙungiyar matan cocinsu, jakarta a kan cinya, ta riƙe ta da hannu biyu kamar wadda ke cikin motar haya. Tun safe ta taso daga ƙauyensu can wajen Shurugwi don wannan biki. Ita ce yayar Baba Gwaze, mutumin da shi da matarsa suke riƙon Shamiso shekara uku ke nan. Ranar tara ga Janairu za su tsaya gaban alƙali a mayar da yarinyar tasu ta har abada, ta ɗauki sunan Gwaze. Baba Gwaze kuwa ya faɗa tun farko, ba zai sa hannu a takarda ba sai yayarsa ta yarda. Shekara uku muna lallashin matar nan kafin ta ce to.

Abin da na gani shi ne yatsunta. Duk lokacin da Mbuya ta ce Zaki, sai Tete ta lanƙwasa yatsa ɗaya a kan jakar. Hannun dama ya ƙare, ta koma na hagu. Shamiso ce ta zo kusan ƙarshe, cikin farar rigarta mai fukafukan kwali, don ita ce mala'ika a wasan da suka yi da safe.

"Karɓi, Zaki, 'yar gidan Gwaze."

Yatsa na bakwai.

Tete ta ɗago ta dube ni, na yi kamar ina neman wanda bai sami lemu ba.

Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila na samu na zille har yamma. Amma ba a yi minti goma ba sai ga Shamiso da gudu, bakinta da ɗan jini, tana dariya, ta buɗe tafin hannunta a gaban Tete. Haƙorinta na gaba ne ya fita. Wata biyar yana girgiɗi a bakinta, duk gidan Gwaze sun sani. Matan da ke kusa suka hau yi mata tsiya, wai ta zama tsohuwa, wai Mbuya Keresiya ta sami ƙawa. Tete ta karɓi haƙorin ta juya shi, ta tambayi yarinyar me ta ci. Shamiso ta ce nama ne, wani mai laushi da Mbuya ta gasa musu a kan wuta. Tete ta aika aka tambayo. Zuciyar akuya ce.

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san abin da tsofaffi ke faɗa, wanda ya ci mutupo ɗinsa haƙoransa zubewa suke yi. Akwai kuma dangin da mutupo ɗinsu Zuciya ne, da yawa ma a wajenmu. Wata mata ta yi dariya ta ce haba Tete, yarinya 'yar shekara shida ai lokacin famfararta ne. Tete ma ta murmusa. Ta ƙulle haƙorin a bakin hankicinta, ta miƙe, ta ce da ni a hankali tana son ganina a ofis, in kira mata ƙanenta da matarsa.

*

Babu wuta, fankar ofis tana tsaye, ɗakin ya ɗauki zafi. Kwalayen kyaututtukan yara da ba a raba ba sun cika kujeru, sai da na kwashe kafin suka zauna. Amai Gwaze, matar Baba Gwaze, ta zauna a bakin kujera tana murza zoben hannunta. Mijinta ya tsaya a jikin ƙofa, hularsa a hannu.

Tete ta ce, "Sisi Netsai, ni ban yi boko mai zurfi ba, amma na iya ƙirga. Yara nawa ne a waje?"

Na ce talatin da huɗu.

"A cikinsu nawa ne aka tsinta, ba uwa ba uba?"

Ta ce ta riga ta tambayi Mbuya, bakwai ne.

"Bakwai aka tsinta, bakwai ɗin kuma duk Zaki. Wane zaki ne wannan da ke yawo cikin Gweru yana zubar da 'ya'ya a tasha?"

Baba Gwaze ya ce, "Tete, yau ranar biki ce."

"Kai dai riƙe hularka."

Ta juyo gare ni, ta ce in ɗauko takardun Shamiso. Na ɗauko. Ta san shafin da take nema, don sau uku ana nuna mata shi. Ta ɗora yatsa a kan gurbin da aka rubuta mutupo, ta tambaye ni rubutun wa ye. Na ce nawa ne. Ta ce wa ya gaya min. A baya na ce mata akwai 'yar takarda da aka samu cikin zanen da aka naɗe jaririyar, ita ce ta nuna. Yau ta ce in nuna mata takardar.

Da a ce da safe ne, ina da ƙarfi, na san abin da zan ce. Zan ce takardar tana wajen 'yan sanda, ko ta ɓace lokacin da rufin ofis ya yi yoyo. Na iya irin wannan maganar, aikin ya koya min. Amma ranar nan ƙaryar ma nauyi ta yi min, na kasa ɗaga ta. Na jawo aljihun teburina, na laluba can ciki bayan su almakashi da tsofaffin alƙaluma, na fito da kwalin ashana, na ajiye a gabanta. Tsohon kwali ne, gefensa ya cinye, amma hoton zakin da ke jikinsa yana nan.

Tete ta dubi kwalin, ta dube ni.

"Mene ne wannan?"

"Shi ya gaya min."

Na gaya musu yadda aka yi. An kawo mana jaririyar wata ranar Talata, 'yar sati biyu, an same ta cikin jakar leda a bayan rumfar masu sayar da tumatir a tasha. Babu takarda, babu komai, sai zane da ƙaramar hula. Ina cike fom babu wuta, na kunna kyandir, na zo gurbin mutupo na tsaya. Kwalin ashanar yana gefen hannuna. Na rubuta abin da na gani. Daga ranar kuma duk jaririn da ya zo babu kowa nasa, hannuna da kansa yake rubuta Zaki, ban ma ƙara tsayawa tunani ba. Ban taɓa kawowa a raina cewa wata rana za su yi layi ɗaya a gaban Mbuya Keresiya ba.

A waje ana ta kiran masu tseren cokali da ƙwai.

Tete ta ce, "Ashana."

Na ce e.

"Kin san abin da na yi da wannan ashanar taki?"

Ta faɗa min, muryarta ko ɗagawa ba ta yi ba. A watan Agusta ta tara dattawan gidansu, ta shaida musu ƙanenta zai shigo da yarinya cikin dangi, kuma an san jininta, Zaki ce. Suka ce in an san jini babu laifi. Ta je bayan gari inda kabarin mahaifinsu yake, ta durƙusa da waɗannan gwiwoyin nata masu ciwo, ta tafa, ta gaya masa. Ta nemi wani tsoho maƙwabcinsu, Sekuru Mhike, wanda shi Zaki ne na gaske, ta kai masa kaza, ta roƙe shi ya tsaya wa yarinyar a matsayin uba ranar aurenta, ranar rashin lafiya, ranar da ba a fata. Tsohon ya karɓa, har ya yi hawaye, ya ce ya sami jika. A bakinsa ta koyo kirarin Zaki, baiti baiti, ta riƙa koya wa Shamiso ta waya duk ranar Lahadi bayan coci.

"Ni da ba na yi wa mai rai ƙarya, kin sa na je na yi wa matacce."

Na ce ta yi haƙuri. Ban san wata kalmar ba.

"Haƙuri na me? Gobe ta girma ta kawo saurayi ɗan Zuciya, mu ce to, ashe ɗan'uwanta ne. Ko ta so wani ɗan Zaki, mu hana ta, ashe babu abin da ya haɗa su. In wani abu ya same ta a gidanmu, danginta na gaske su taso mana ta inda ba mu gani, wa za mu je mu ba haƙuri? Kwalin ashana?"

Ni ba duk abin da Tete ta yarda da shi na yarda da shi ba. Amma ni ma a ƙauye na tashi, na ga yadda gida yake rikicewa a kan abin da bai kai wannan ba. Ban yi mata musu ba.

Ta ce, "Da kin bar gurbin babu komai, da na san da me nake kokawa."

A nan ne raina ya ɗan motsa. Na ce mata na taɓa barin gurbin babu komai. Shekarata ta farko a aiki, akwai wata yarinya, Ropafadzo, mai wayo, mai son karatu. Gidaje huɗu suka zo dominta. Kowannensu sai ya yi wasa da ita, ya saya mata alewa, a zo ofis a buɗe takardu, ana isa wannan gurbin sai mijin ya yi tari, matar ta ce za su yi shawara. Ba su dawowa. A ɗakin kwananmu na baya ta cika shekara sha takwas, ni na raka ta bakin ƙofa da kayanta a leda biyu. Har yau in na haɗu da ita a kasuwa sai ta gaishe ni da ladabi, ni kuwa in rasa inda zan sa idona.

Na ce, "Tete, ki gaya min tsakaninki da Allah. Da na bar gurbin Shamiso babu komai, da kin karɓe ta?"

Ta daɗe tana kallon kwalin.

"A'a."

"To."

"Wannan 'to' ɗin naki ba ya wanke ki."

"Na sani."

Sai ta juya ga Amai Gwaze, muryarta ta yi laushi. Ta ce, "Matarmu, ki yi haƙuri. An cuce ki, an cuce ni. Shekara uku kina rainon abin da aka..."

"Na sani, Tete."

Tete ta tsaya.

"Kin san me?"

Amai Gwaze ba ta ɗago ba. Mace ce mai sanyi, a shekara ukun da na san ta ban taɓa jin ta katse wani ba. Ta ce tun Kirsimetin farko da ta zo nan da Shamiso ta gane. Lokacin Zakunan biyar ne.

"Ni ma ina da yatsu, Tete."

Ni kaina sai da na zauna sosai. Ban taɓa sani ba. Shekara uku matar nan tana zuwa ofishina, tana kawo min gyaɗa daga gonarta, ba ta taɓa nuna min ko a ido ba.

Tete ta ce, "Kina sane kika bar ni na je kabarin Baba?"

"E."

"Kina sane kika dafa min kazar da na kai wa Sekuru Mhike?"

"E."

"Me ya sa?"

"Shekara goma sha huɗu ina gidanku, Tete. Duk Kirsimeti ni ke wanke kwanukan 'ya'yan wasu. Ranar da yarinyar nan ta fara kwana a ɗakina ta yi min fitsari a katifa, na tashi ina wanki ina waƙa. Da Sisi Netsai ta rubuta Kare ko Ƙadangare, da haka zan ce miki."

Ta faɗi haka ba kuka, ba ɗaga murya, tana ta murza zobenta. Tausayinta ya kama ni.

Tete ta dubi ƙanenta. "Kai fa? Kai ma ka sani?"

Baba Gwaze ya rantse bai sani ba, kuma na yarda da shi, don mutumin nan ko an canza labulen ɗakinsa ba ya lura. Matarsa ta tambaye shi, a gabanmu, ko zai sa hannu ranar tara ga wata. Ya juya hularsa sau biyu. Ya ce yana son yarinyar, kowa ya san yana son ta, shi ke kai ta makaranta a kan keke. Amma shi ba zai iya shigar da abin da dangi ba su sani ba cikin sunan mahaifinsa ba.

"Abin da Tete ta ce, shi ne."

Na so in jefe shi da kwalin ashanar. Na daure.

Tete ta tambaye ni, in ba a sa hannu ba me zai faru. Na gaya mata gaskiya. Takardar riƙo tana ƙarewa a ƙarshen Fabrairu. Matar aure ba ta ɗaukar yaro ita kaɗai ba da mijinta ba. In gidan bai amince ba, yarinyar za ta dawo wajenmu, ɗakin baya, gado na huɗu daga taga, inda ta baro tana 'yar shekara uku. Mu sake neman wani gida. Yaro kuma in ya wuce shekara shida, masu zuwa nema ba su cika kallonsa ba.

"Sauran shidan fa? Iyayensu sun sani?"

Na ce ban sani ba. Bayan abin da Amai Gwaze ta faɗa, ban ƙara sanin wa ya sani wa bai sani ba.

Tete ta ɗauki kwalin, ta girgiza shi a kunnenta. Akwai sauran tsinke biyu ko uku a ciki. Ta ajiye. Ta ce ita ba muguwa ba ce, ta san a ofishin nan kallon muguwa ake mata tun ranar farko. Ta ce duk Lahadi sai ta hau kan tudun bayan gidanta don waya ta kama, ta tsaya cikin rana tana maimaita wa yarinyar baiti ɗaya sau goma. Ta ɗinka mata riga da hannunta, tana cikin jakar nan. Amma ita ce babbar 'ya a gidansu, in abu ya ɓaci ita dattawa za su kira, ba Sisi Netsai ba.

"Na gaji," in ji ta. "Tun ƙarfe huɗu nake hanya."

Na ce ni ma na gaji. Muka zauna haka, mata uku da namiji ɗaya a jikin ƙofa, babu mai kallon wani.

Sai lasifika mai batir ta yi ƙara a waje. Malamar da ke jagorantar biki ce. Ta ce an gama wasanni, yanzu lokacin kirari ne, iyaye su zauna. Kowace shekara haka muke rufe biki. Yaron da za a kammala takardunsa a sabuwar shekara ya hau kan benci ya yi kirarin mutupo ɗinsa, in ya gama babba daga gidan da zai shiga ya tafa masa, ya amsa da "Mun ji, ɗanmu." Sai kowa ya tafa. Bana yaro ɗaya ne a jerin.

"Shamiso, 'yar gidan Gwaze. Ina Tete ɗinta? A zo gaba."

Amai Gwaze ta miƙe da sauri ta ce bari ta je ta ce yarinyar ba ta jin daɗi, haƙori ya fita, a ɗaga. Tete ta ce ta zauna. Ta gyara ɗankwalinta, ta rataya jakarta, ta wuce ƙanenta a bakin ƙofa ba ta dube shi ba. Muka bi ta a baya.

*

Hadari ya haɗo ta gabas, iska tana kaɗa rumfar. An ɗora Shamiso a kan benci, fukafukinta ɗaya ya karye yana lilo. Makarufon ya yi mata girma, da hannu biyu ta riƙe shi. Da ta hango Tete ta zauna a layin gaba sai ta washe baki, ga gurbin haƙorin nan a fili, mutane suka yi dariya.

Ta fara.

"Ni ce Zaki, 'yar masu tafiya ba gaggawa.
Mu ne masu kwana a fili, ba mu rufe ƙofa.
In mun yi gyaran murya, shanu su koma gida."

Iska tana fita ta gurbin haƙorin, kowace kalma da ɗan fito a ciki. Amma ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Har inda Tete ke jan numfashi in tana magana, nan ita ma take ja. Tana yi tana buga ƙafa a kan benci kamar yadda aka koya mata. Can baya na ga sauran Zakunan shida sun taru wuri ɗaya suna kallonta, ƙaramin cikinsu yana motsa baki yana bin ta. Mbuya Keresiya ta fito daga wajen murhu da ludayi a hannu tana gyaɗa kai.

Ni dai ina tsaye a jikin sandar rumfa, ina jin kunyar da ban taɓa ji ba tun da na fara aikin nan.

Ta kai baitin ƙarshe. Ta sauke makarufon, ta ɗan rusuna, ta dubi Tete.

Tsakar gidan ta yi tsit. Mutum sama da saba'in, kowa ya ɗaga hannu yana jiran tafin farko, don ba a riga babbar gida. Hannuwan Tete suna kan jakarta.

Amai Gwaze ta haɗa tafukanta za ta tafa, mijinta ya riƙe mata hannu.

Shamiso ta jira. Ta dubi malamar, ta dubi uwar riƙonta, ta sake duban Tete. Murmushin ya fara raguwa. Ta mayar da makarufon bakinta.

"Tete, na gama."

Wani ya yi 'yar dariya a baya, ya yi shiru.

"Ko na yi kuskure ne? In sake daga farko?"

Tete Farisai ta ajiye jakarta a ƙasa. Ta dafa gwiwa ta miƙe a hankali, ta taka har gaban bencin. Ba ta tafa ba. Ta miƙa hannu, yarinyar ta ba ta makarufon. Ta juya ta fuskanci jama'a, idonta yana bin layi layi har ya same ni a jikin sandar.

"Sisi Netsai," in ji ta, lasifika ta kai muryar har bakin titi. "Zo nan. Ki taho da ashanar."